Yadda Garkuwar Jiki Ke Gane Ƙwayoyin Halittar da Bairos Ya Shiga

Ƙyanda, ƙarambau, shan inna, mura, zazzaɓin Lassa, ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau duk dangin ƙwayar cuta ɗaya ne ke haddasa su, wato bairos. Abin da ya sa bairos ke da wuyar sha'ani shi ne ba ya zama a fili. Da zarar ya shiga jikinka, cikin ƙwayoyin halittarka yake kutsawa ya ɓuya. Duk da haka, jiki da kansa yakan ci galabar mafi yawan bairos ɗin da ke shigarsa. To ta yaya yake gane cewa wannan ƙwaya lafiyarta ƙalau, waccan kuma an mamaye ta, alhali daga waje kamanninsu ɗaya?

Amsar tana da amfani a gidanka. Ita ce za ta fahimtar da kai dalilin da ya sa ƙurajen ƙyanda ba sa fitowa sai bayan kwanaki ana zazzaɓi, da dalilin da ya sa jariri ke buƙatar allurar ciwon hanta tun ranar da aka haife shi, da kuma abin da ya sa likita ke hana ka maganin kashe bakteriya idan mura ce ke damunka. Za mu yi bayanin da cututtuka biyu da mutanen Goronyo, Wurno da Rabah suka sani sarai: ƙyanda da ciwon hanta.

Mene ne bairos, me yake yi a cikin ƙwaya?

An gina jikinka da ƙananan ɗakuna masu rai da ake kira ƙwayoyin halitta. Babban mutum na da kimanin tiriliyan 30. Ban da jajayen ƙwayoyin jini, yawancin ƙwayoyin kowacce tana ɗauke da littafin umarni da ta gada daga uwa da uba, kuma da shi take ƙera furotin iri-iri da take aiki da su.

Bairos ƙarami ne ƙwarai, har madubin da ake duba zazzaɓin cizon sauro da shi a asibiti ba ya iya ganinsa. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Abin da ke gare shi kawai ɗan guntun umarni ne a cikin kwanso. Idan ya shiga ƙwaya sai ya miƙa mata umarninsa, ita kuma ta shiga ƙera masa furotin ɗinsa da kayan aikinta, har sababbin bairos su fito su bazu zuwa maƙwabtanta.

Magungunan kashe bakteriya irin su amoksisilin suna aiki ne ta hanyar lalata bangon bakteriya ko kayan aikinta. Bairos ba shi da ko ɗaya daga ciki, shi ya sa ba sa taɓa shi. Su kuma sinadaran kariya da ke yawo a jini, waɗanda ake kira antibodi, suna cafke bairos ne yayin da yake waje. Wanda ya riga ya shige ciki, sai an nemo ƙwayar da yake ɓoye an kawar da ita.

Mataki na farko: ƙwaya ta yi kururuwa

A cikin ƙwayoyin jikinka akwai masu gadi da ke jin bambancin umarnin gida da na baƙo. Idan suka ji baƙo, sai ƙwayar ta saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957. Intaferon kamar ihun neman agaji ne a unguwa. Ƙwayoyin da ke kusa za su rage ƙera furotin, su shirya makaman lalata umarnin baƙo, fararen ƙwayoyin jini kuma su doso wurin.

Wannan kururuwa tana farawa cikin sa'o'i kaɗan. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, kasala da rashin son abinci da kake ji a farkon mura, yawancinsu daga intaferon da 'yan'uwansa suke. Yana rage wa bairos gudu, amma sau da yawa ba ya iya gama da shi. Yana saya wa jiki lokaci ne kafin ƙwararrun sojoji su iso.

Faifan da ke ƙofar kowace ƙwaya

Ka tuna yadda mai sayar da shinkafa a kasuwar Wurno ke yi. Buhu a ɗinke yake, amma yakan ɗebo kaɗan ya zuba a faifai, mai saye ya duba ya san abin da ke ciki ba tare da an farke buhun ba. Haka ƙwayoyin jikinka ke yi dare da rana.

Furotin kamar jigida yake, an jera shi da ƙananan duwatsu. A cikin kowace ƙwaya akwai wani abu mai kama da injin niƙa da ke daddatsa tsofaffin furotin da waɗanda aka ƙera ba daidai ba. Daga cikin guntayen ana ɗibar masu duwatsu 8 zuwa 10, a ɗora kowanne a kan wani furotin na musamman mai suna HLA, a fito da shi saman fatar ƙwayar. HLA shi ne faifan, guntun kuwa shi ne samfurin. Ƙwaya ɗaya na ɗauke da dubban irin waɗannan faya-fayai, kuma kullum ana sabunta su.

Injin niƙan ba ya tantance furotin ɗin gida da na baƙo. Duk abin da ake ƙerawa a ciki zai daddatsa. Saboda haka idan bairos ya tilasta wa ƙwaya ƙera masa furotin, guntayensa za su bayyana a kan faifai tare da na gida. Ta nan asirinsa ke tonuwa.

Kusan duk ƙwayoyin jiki na yin wannan baje koli, ban da jajayen ƙwayoyin jini. Kowane mutum yakan gaji manyan faya-fayai iri uku daga uwa, uku daga uba, kuma a tsakanin 'yan Adam akwai dubban ire-irensu. Wani faifan ya fi iya riƙe guntun wani bairos, wani kuma ya fi iya riƙe na wani. Wannan na cikin dalilan da ke sa cuta ɗaya ta shiga gida, ta kwantar da wani, ta ɗan shafi wani kawai. Shi ne kuma abin da likitoci ke gwadawa kafin dashen ƙoda ko na ɓargo. Tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, damar faya-fayansu su zo daidai ɗaya ce cikin huɗu.

Masu duba faifai: sojojin T

A cikin fararen ƙwayoyin jininka akwai rundunar da ake kira ƙwayoyin T. Ana haifarsu a ɓargo, su tafi makaranta a wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos. Gaɓar tana da girma a jikin yaro, tana raguwa bayan balaga. Jacques Miller ne ya nuna amfaninta a 1961.

Kowace ƙwayar T tana da irin hannun shafawarta, wanda ya dace da samfur iri ɗaya tak. A taimos ana yi musu jarrabawa biyu. Wadda ba ta iya gane faifan mai jikin ba, ba ta da amfani, sai ta mutu. Wadda kuma ta zabura da ganin samfurin gida, tana da haɗari, ita ma a kawar da ita. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa tsallakewa. Waɗanda suka fita su ne masu gane faifanka, amma ba sa tayar da hankali sai sun ga baƙon abu a kansa.

Rundunar ta kasu gida biyu:

- Masu kisa, wato CD8. Suna bi ƙwaya-ƙwaya suna shafa faya-fayai. Idan suka samu samfurin bairos, ko da 'yan ƙalilan ne a cikin dubbai, sai su manne wa ƙwayar, su huda fatarta, su zuba mata sinadarin da zai sa ta kashe kanta a tsanake, ta tattare wuri ɗaya a zo a kwashe. Daga nan su wuce ta gaba. Maƙwabtan da ke lafiya ba a taɓa su.
- Masu ba da umarni, wato CD4. Su ne ke ƙarfafa masu kisa, su kuma taimaka wa ƙwayoyin da ke ƙera antibodi. In babu su, rundunar duka takan rikice.

Manomin albasa ya san wannan hikima. Idan ya ga ɗaya ta fara ruɓewa a rumbu, cire ta yake yi nan take don ta bar sauran. Jiki ma yana sadaukar da ƙwayar da ta kamu don ya tsirar da saura.

Yadda aka gano wannan

Tsakanin 1973 da 1974, a birnin Kanbera na ƙasar Ostireliya, Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suna bincike a kan wani bairos na ɓeraye, wanda dangi ɗaya ne da bairos ɗin zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu a 1969. Sun lura cewa ƙwayoyin T na ɓera suna kashe ƙwayoyin da suka kamu ne kawai idan faifansu iri ɗaya ne da na ɓeran. Idan faifan na wani jinsin ɓera ne, ko da bairos ɗin ɗaya ne, sai su wuce ba su gani ba. Ma'ana, abu biyu sojan T ke dubawa a lokaci guda: faifan gida da baƙon samfur. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 1996. A 1987 kuma masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka fito da siffar HLA, aka ga ramin da guntun furotin ke kwanciya a ciki.

Me ya sa ake ɗaukar kwanaki kafin a samu sauƙi?

Tun da kowace ƙwayar T samfur ɗaya ta sani, waɗanda suka dace da bairos ɗin da bai taɓa shigarka ba ƙalilan ne ƙwarai. Dole a nemo su. Akwai wasu ƙwayoyi 'yan rahoto da ke zaune a fata, hanci, maƙogwaro da hanji. Su ne ke tsintar guntayen bairos su kai su kaluluwa mafi kusa, a wuya, hammata ko matsematsi, inda ƙwayoyin T ke ratsawa. Idan wadda ta dace ta zo, sai ta shiga rabuwa biyu, biyun su zama huɗu, har cikin mako guda su zama dubbai.

Shi ya sa kaluluwa ke kumbura idan ana ciwo, kuma shi ya sa yawancin cututtukan bairos ke ɗaukar kwana 7 zuwa 10 kafin a ga sauƙi. Wannan makon jira shi ne lokaci mafi haɗari. Idan bairos ya fi rundunar sauri, ko yaron ba shi da ƙarfin da zai jure, a nan ake rasa rai.

Bayan an gama yaƙi yawancin sojojin kan mutu, amma ana barin wasu masu tuna fuskar maƙiyin. Idan ya dawo, cikin kwana ɗaya ko biyu za su tashi.

Idan bairos ya ɓoye faifan fa?

Wasu bairos sun koyi dabara. Mai haddasa ƙurajen da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi yana toshe ƙofar da guntayen ke bi zuwa faifai. Na ƙanjamau yana janye faya-fayan daga saman ƙwaya ya mayar da su ciki. Idan babu faifai, sojan T ba shi da abin dubawa.

Jiki na da maganin wannan. Akwai wasu 'yan sintiri da ake kira ƙwayoyin NK, waɗanda aka bayyana a 1975 a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Siwidin. Su ba ruwansu da abin da ke kan faifai. Tambayarsu ɗaya ce: ina faifanki? Ƙwayar da ta nuna nata, a bar ta. Wadda nata ya ɓace, ga kuma alamun wahala a jikinta, a kashe ta. Bairos ya shiga tsaka mai wuya ke nan: in ya bar faifai sojan T ya gan shi, in ya ɗauke shi NK ta zarge shi. Ƙwayoyin NK ba sa buƙatar makon shiri, don haka suna cikin masu riƙe fagen daga a kwanakin farko.

Ƙyanda: abin da ƙurajen ke nufi

Ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, ta fi yaɗuwa a yankinmu daga ƙarshen hunturu zuwa bazara. Lokacin ne kuma noman rani ke tara jama'a a fadamun Rima da ke ƙasan madatsar Goronyo, ga cin kasuwa, ga iyalan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suna cunkushe a ɗaki ɗaya. Bairos ɗin na iya zama a iskar ɗaki har sa'a biyu bayan mai cutar ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna da shi, kimanin 9 za su kamu.

Bayan kamuwa, yaro kan yi kwana 10 zuwa 12 babu alamar komai. Sai zazzaɓi, tari, majina da jan ido. Kusan kwana 14 da kamuwa ƙuraje ke fitowa, daga bayan kunne da goshi zuwa gangar jiki. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, an fi jin su da tafin hannu kamar yashi. Waɗannan ƙuraje sawun sojojin T ne da suka iso fata suna kawar da ƙwayoyin da suka kamu. Shi ya sa yaron da ba shi da wata matsala yakan fara samun sauƙi 'yan kwanaki bayan fitowarsu.

Iyaye kan ce gara ƙyanda ta fito da ta kwanta a ciki. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin yaron da sojojin T ɗinsa suka yi rauni ƙwarai, kamar mai ƙanjamau da ba ya kan magani, yana iya yin ƙyanda babu ƙuraje, cutar ta cinye masa huhu. Amma babu jiƙo, hayaƙi ko shafe-shafen da ke fito da ƙuraje. Kulle yaro a ɗaki mai zafi, hana shi ruwa ko wanka, da ɗiga masa abubuwa a ido, illa kawai suke ƙara masa, har su kai ga makanta.

Babban sharrin ƙyanda shi ne ƙwayoyin garkuwar jiki take fara shiga, musamman masu tuna tsofaffin maƙiya. Jiki kuwa dole ya kashe duk ƙwayar da ta nuna samfurin ƙyanda, ko da sojansa ce. Wani bincike da aka buga a 2019 a kan yaran ƙasar Holan marasa rigakafi ya nuna cewa ƙyanda ta goge musu kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na ire-iren antibodin da suka tara a baya. Saboda haka yaron da ya tashi daga ƙyanda yakan yi watanni, har shekara biyu ko uku, yana saurin kamuwa da gudawa da ciwon huhu. Idan ga tamowa, yana iya kamuwa da cutar noma mai cin kumatu da leɓe, wadda akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999.

Ita kanta ƙyandar jiki ba ya mantawa da ita. A 1846 wani likitan ƙasar Denmak, Peter Panum, ya tarar da annobar ƙyanda a Tsibiran Faro ta kama mafi yawan jama'a, amma ta tsallake tsofaffin da suka yi ta a 1781, shekara 65 baya.

Ciwon hanta nau'in B: lokacin da yaƙin ya ƙi ƙarewa

Bairos ɗin ciwon hanta nau'in B kusan ba ya kashe ƙwayoyin hanta da kansa. Yawancin ɓarnar daga yaƙin da sojojin T ke yi da ƙwayoyin da suka kamu take zuwa. Idan ƙwayoyin hanta suka mutu, wani sinadari mai suna ALT yakan zubo cikin jini, kuma shi likita ke aunawa don ya san ko ana fafatawa a hantarka.

Sakamakon ya danganta da shekarun da mutum ya kamu:

- Babba mai lafiya: rundunarsa kan tashi da ƙarfi. Yana iya yin shawara, idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu, amma fiye da 95 cikin 100 suna kawar da cutar.
- Yaro ɗan ƙasa da shekara 6: kimanin 30 zuwa 50 cikin 100 cutar takan zauna musu.
- Jaririn da ya kamu wajen haihuwa: kimanin 90 cikin 100 za su rayu da ita. Garkuwarsa ba ta ɗauki bairos ɗin a matsayin maƙiyi sosai ba, don haka ba ya nuna alamar komai.

Ga wanda cutar ta zauna masa, sojojin T kan gaji. Ba su kawar da bairos ba, ba su kuma daina kai hari ba. Shekara da shekaru hanta na samun rauni tana yin tabo, har ta ƙanƙance ta taurare, ciki ya tara ruwa, ko sankarar hanta ta ɓullo, sau da yawa mutum na tsakiyar ƙarfinsa. Cin gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna da shan giya suna ƙara haɗarin.

Binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da cutar, kuma yawancinsu ba su sani ba. Tana yaɗuwa daga uwa zuwa jariri, ta jima'i, da ta jini: askar wanzami wajen kaciya, aski, ƙaho, tsaga ko cire beli, almakashin yankan farce, da allurar da aka yi wa wani. Bairos ɗin na rayuwa a kan ƙarfe aƙalla kwana 7. Ba a ɗaukarta ta gumi, gaisawa ko cin abinci a kwano ɗaya.

Gwajin HBsAg ne ke nuna ko kana da ita. Ba duk mai ɗauke da ita ke buƙatar magani nan take ba, amma kowa na buƙatar bibiya. Idan an ɗora ka a kan tenofobir, kada ka daina da kanka. Idan ka daina, bairos na iya dawowa da yawa, sojojin T su auka wa hanta gaba ɗaya, abin ya zama na rai da mutuwa.

Ƙanjamau a taƙaice

Bairos ɗin ƙanjamau yana shiga ƙwayoyin CD4 ne, wato masu ba da umarni. Mai lafiya na da kimanin 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da ake gwadawa. Idan suka sauka ƙasa da 200, cututtukan da jiki ke dannewa a da sai su samu ƙofa. Maganin da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati yana hana bairos hayayyafa, adadin CD4 ya sake hawa.

Abubuwan da ke raunana wannan tsaro

- Tamowa. Rundunar da za ta ninku sau dubbai a mako guda tana buƙatar abinci. Tamowa mai tsanani tana ƙanƙantar da taimos. Wake, gyaɗa mai kyau, kifin Rima, ƙwai, nono, zogale da manja duk suna taimakawa.
- Ƙarancin bitamin A, wanda ke sa ƙyanda ta yi tsanani ta taɓa ido.
- Deksametason da firednisolon da ake saye a kemis don ƙiba ko ciwon jiki. Suna kwantar da ƙwayoyin T kai tsaye. Kada ka sha sai da umarnin likita. Idan ka daɗe kana sha, kada ka yanke lokaci guda, je a rage maka a hankali.
- Ciwon suga da ba a kula da shi, tsufa, da maganin sankara.

Abin da allurar rigakafi ke yi

Rigakafi yana nuna wa garkuwar jiki samfurin maƙiyi kafin maƙiyin ya zo. Na ƙyanda bairos ne da aka raunana. Yana shiga ƙwayoyi kaɗan, guntayensa su hau faifai, a horar da sojoji, a ajiye masu tunawa, ba tare da ya goge wa yaro tsohuwar kariyarsa ba. Ɗan zazzaɓin da wasu yara ke yi bayan mako guda alamar wannan horo ce. Na ciwon hanta kuwa furotin ɗin kwanson bairos ne kawai, yana sa jiki ya ƙera antibodin da za su tare shi kafin ya shiga hanta.

Jadawalin da ya shafi waɗannan cututtuka biyu:

- Ciwon hanta nau'in B: cikin sa'a 24 da haihuwa.
- Allurar Penta, wadda ke ɗauke da shi: mako 6, 10 da 14.
- Ƙyanda: wata 9, sannan ta biyu a wata 15.

Ke uwa, ko a gida kika haihu, a kai jaririn asibiti mafi kusa a ranar. Kada a jira suna. Kai maigida, ka ba da izini da kuɗin mota tun kafin haihuwa ta zo. Idan rashin tsaro ko ƙaura ya sa yaro ya tsallake wata allura, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 3 cikin 100 ne kawai na yaran Jihar Sakkwato suka samu Penta ta uku, alhali ƙyanda ba ta daina yawo a gari sai kimanin kashi 95 cikin 100 sun samu allurarta sau biyu.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Duk yaron da ake zaton ƙyanda ce, a kai shi a duba shi, a ba shi bitamin A na kwana biyu a jere gwargwadon shekarunsa. A ware shi daga sauran yara da masu ciki har kwana 4 bayan fitowar ƙuraje. A ci gaba da ba shi nono, ruwa da abinci, a goge masa ido da ruwa mai tsabta. Farasitamol ya isa don zazzaɓi, kada a ba yaro asfirin. A tafi nan take, ko da dare ne, idan aka ga:

- numfashi da sauri ko ƙirji na lotsawa
- ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai
- jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa
- ido ya yi hazo ko yana fitar da mugunya
- gyambo a baki, warin baki ko kumburin kumatu
- gudawa mai yawa

Ga babba kuma: ido ya yi ɗorawa, kumburin ciki ko ƙafa, aman jini, baƙin bayan gida, ruɗewa, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana uku, ko kaluluwar da ta wuce mako biyu zuwa uku ba ta saɓe ba.

Fara da cibiyar lafiya ta mazaɓarku ko babban asibitin Goronyo, Wurno ko Rabah. Idan ana buƙatar ƙarin gwaji, kamar auna yawan bairos a jini ko hoton hanta, za a tura ka Asibitin Ƙwararru na Sakkwato ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan gwaji ya nuna kana da ciwon hanta nau'in B, ka kawo matarka ko mijinki da yaran gidan a gwada su, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi. Ka ɗauko katin allurar yaranka yau ka duba ko akwai layin da ba a cike ba.